Almu da Ɗorin Turanci

A Giwa Tazo babu wanda bai san Almu ya taɓa zuwa Legas ba, domin Almu bai bar kowa ya manta ba. Kwana goma sha tara ya yi can yana gadin wani shagon tayoyi, shekara ashirin da suka wuce, amma in ka ji shi yana ba da labari sai ka ɗauka shi ya haƙa tekun. Abin da ya dawo da shi bai wuce agogon da ba ya tafiya ba, da kalmomin Turanci guda huɗu da yake jefa wa jakinsa da matarsa Delu da duk wanda tsautsayi ya bi da shi ta bakin gonarsa ta albasa. Jakin bai taɓa yi masa musu ba, shi ya sa ya fi son hira da shi.

A shekarar nan albasa ta yi kyau har ta zama abin damuwa. Kowane rudu, wato rumfar karan da ake jibge ta a ciki, ya cika maƙil, zafi kuma ya fara dafa ta daga ƙasa. Sai labari ya iso wa Maigari cewa wata babbar mai sayen albasa daga Kumasi, Madam Ajowa, za ta sauka kasuwar Jega nan da kwana goma sha biyu, ta duba albasar garuruwa, ta zaɓi gari ɗaya da za ta riƙa aika wa mota. Ba ta jin Hausa ko ta sannu. In ta zaɓi Aliero, kamar yadda kowane baƙo ya saba, ta Giwa Tazo sai ta ruɓe a rudu.

Maigari ya tara manoma da hantsi a ƙofar gidansa, ya tambayi wanda zai tsaya wa gari a gaban matar. Ummaru, maƙwabcin Almu, ya ce a roƙi malamin firamare. Kafin ya rufe baki Almu ya miƙe yana kaɗe riga.

"Ranka shi daɗe, Turancin malamin makaranta na allo na. Matag ga 'yak kasuwa ta, Turancin bakin teku taka so. Ni da niz zamna da Turawa, munka ci abinci kwano guda."

"Taya dai kat tsare," in ji Ummaru.

"Tayar ta wa ta? Ba ta Turawa ta ba?"

Aka yi dariya. Maigari bai yi ba. Ya ce, "Almu, albasag gari duka ta. In ka san ba ka iyawa, hwaɗi yanzu, ba abin kunya ba na."

Almu ya bugi ƙirji har agogon ya yi ƙara. Ya ce in matar nan ba ta share hawaye don daɗin Turancinsa ba, kada a sake kiransa Almu. Maigari mutum ne mai saurin yarda da wanda ya ɗaga murya, sai ya ce to an ba shi.

Da ya koma gida ya zauna ya lissafa kalmominsa, sai ya ga har yanzu huɗu ne, kuma biyu daga ciki zagi ne. Washegari ya hau kabu-kabu zuwa Jega Sabon Gari, gidan Malam Sharif, tsohon malamin Turanci da ya yi shekara talatin da biyar yana fama da bakunan yara kafin ya yi ritaya.

"Malam, tsatsa niz zo in ɗan goge. Abin yana nan, zama ɗai ya yi."

Malam Sharif ya gaishe shi da Turanci. Almu ya yi murmushi, ya mayar masa da kalmar da yake tsayar da jaki da ita. Malam ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya ce, "To, mu hwara daga hwarko."

Ya ba shi madubi. Ya nuna masa sautin da ake sa harshe tsakanin haƙora a hura iska. Almu ya sa harshe, ya hura da ƙarfin mai kunna wuta, sai da Malam ya sake goge tabarau. Ya nuna masa wanda ake haɗe leɓɓa a sake su, ya riƙa masa takarda a gaban baki don ya ga iska ta kaɗa ta. Takardar ta jiƙe. Ya gaya masa yadda ake jera magana, mai aiki a gaba, aikin ya biyo, abin da aka yi wa ya zo ƙarshe, kuma in aikin na jiya ne kalmar takan sake riga. Almu ya ce wannan duk ya sani, ya dai faɗa masa kwana nawa.

"In kana saurare kullum, kana maimaitawa da ƙarhi, kana yarda ka yi kuskure gaban mutane su yi ma dariya, cikin wata shidda ka iya ciniki."

"Kwana goma sha ɗaya gare ni."

Malam ya ce to ya kawo wayarsa. Ya ɗauki muryarsa a ciki, jimla goma da mai sayar da albasa zai buƙata, kowace da fassararta, yana faɗa a hankali, sannan ya yi shiru na ɗan lokaci don mai koyo ya maimaita. Ya ce sirrin duk yana cikin shirun nan, kada ya bar shi ya wuce bai cika shi da bakinsa ba. Da zai raka shi ƙofa ya ƙara da cewa shi ma zai zo kasuwar, domin mutanen Aliero sun riga sun kama shi ya yi musu tafinta.

Almu ya fito ransa a jagule. Wata shida! Ya tsaya shagon cajin waya ya sha ruwa, sai ga wani Bature a talabijin yana karanta labarai. Almu bai ji ko kalma ba, amma ya zuba wa bakin mutumin ido. Muƙamuƙinsa ko motsi ba ya yi. Leɓɓan a matse, haɓar a ɗan turo, maganar tana silalowa ta gefe. Ya juya ya dubi mai shagon yana ciniki da Hausa, baki a wangale kamar ƙofar rumbu. Nan take abin ya faɗo masa, har ya kusa ƙwarewa da ruwan. Ashe shekara talatin da biyar Malam Sharif yana wahalar da yara a banza. Turanci ba a kai yake ba, a muƙamuƙi yake. Wanda aka gyara wa zaman ƙashi, magana da kanta za ta fito. Gyaran ƙashi kuwa, duk ƙasar nan an san inda ake yinsa.

Da sassafe ya dira Aliero, zauren Atiku mai ɗori. Majinyata ne jere a tabarmi, wannan ƙafa a miƙe, wancan hannu a rataye, ga kaji suna ɗingishi a tsakar wurin, kowace da ɗan kara ɗaure a ƙafa. Al'adar gidan ce tun kakanni: in aka ɗora wa mutum ƙashi, sai a yi wa kazarsa ɗauri a daidai inda aka yi masa, ba a kwance kowa sai ranar da aka sa, kuma a jikin kazar ake duba yadda majinyaci ke warkewa. Ranar da ta taka da kyau, shi ma ya kusa tashi.

Atiku, dattijo mai manyan yatsu da ƙarancin magana, ya tambaye shi inda ya karye. Almu ya nuna haɓa. Atiku ya lalluba dama, ya lalluba hagu, ya sa shi ya buɗe ya rufe.

"Lahiya lau kake."

"Zaman Hausa ya yi. So nika ka maishe shi zaman Turawa."

Atiku ya dube shi. "Ni abin da yak karye nika ɗorawa."

"To karya ka ɗora. Kwana goma gare ni."

Wani mai karayar haƙarƙari da ke kwance a gefe ya fara dariya, dariyar ta koma masa kuka, yana roƙo a fitar da mutumin nan kafin ya kashe shi. Atiku ya kama Almu ta kafaɗa ya kai shi ƙofa da kansa. Ya ce, "Tahi gida. In ka karye da gaske, ka dawo, ba ni ƙin ka."

Almu bai ji haushi ba ko kaɗan. Ya gane hassada ce, mutumin Aliero ba zai gyara wa Giwa Tazo baki ana saura kwana goma ba. Kuma ai ya ga yadda ake yi: man shanu, kara huɗu, zare, ƙyalle, sai kaza. Wannan har wani aiki ne?

Da la'asar ya zaunar da Delu ya zayyana mata shirin. Delu mace ce da ta yi shekara ashirin da shida tana sauraren shirye-shiryen Almu, tana kuma yin gabu, busasshen ganyen albasar nan na miya, tana kaiwa Jega ranar kasuwa. Ta saurara har ƙarshe tana tsinke ganye.

"Maigida, da mi za ka cin tuwo?"

"Mai neman Turanci ba shi tunanin tuwo."

"To da mi za ka maimaita abin da Malamin yac ce ka maimaita?"

"Wannan na marasa ɗori na. Ni shiga za ya yi ta kunne, shi ishe ƙashi da taushi, shi zamna."

Ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, kada mutanen Aliero su sace dabarar. Sannan ya shafa man shanu, ya turo haɓa yadda ya ga Baturen ya yi, ya jera kara biyu dama biyu hagu, ya naɗe da tsohon rawanin mahaifinsa tun daga ƙarƙashin haɓa har tsakar ka, ya bar 'yar kafa da tsinken kara zai shiga. Ya kamo jan zakaran Delu ya naɗe masa baki da zare. Ya rataye wayar a ƙusa daidai kunnensa, ya sa ta yi ta juyawa. Muryar Malam Sharif ta ce, "Gud monin, Madam. Barka da asuba ke nan." Ta yi shiru. Almu ya ce, "Mmm."

Kafin gari ya gama wayewa labari ya zaga. Wata maƙwabciya da ta shigo aron rariya ta gan shi, ta fita da salati. Da hantsi an ce kabu-kabu ya kayar da shi a hanyar Aliero. Da azahar an ce jakin ne, ya gaji da Turanci. Da la'asar magana ta tsaya a kan Delu da taɓarya, kuma a gaskiya wannan ce mutane suka fi yarda da ita, har wasu matan suna yi mata sannu da aiki a ɓoye.

'Yan dubiya suka cika gida. Kowa ya yi tambaya, Almu ya ce "mmm", a juya a dubi Delu. Ita kuwa tun da an rantsar da ita kan sirri, sai ta ɗauki aikin tafinta, kuma ta riƙe shi hannu bibbiyu. Ummaru ya kawo farfesun kan akuya na mara lafiya. Ƙanshin ya bugi Almu, ya yi gurnani yana nuna a rufe a ajiye.

"Mi yac ce?" in ji Ummaru.

"Ya ce mu ci, kak shi huce."

"Mmm! Mmm!"

"Ya ce ka ɗauki harshen, kai ad da haƙora."

Ummaru ya zauna a gabansa ya cinye harshen yana yi masa addu'ar samun sauƙi. Almu ya ja kunun kanwa ta tsinken kara, hawaye na bin rawani.

Kwana na uku tsohuwarsa Gudiya ta iso daga Maiyama da ƙullin kaya da sanda. Ba ta ko zauna ba ta fuskanci Delu.

"Ke ɗiyag ga, mi yay yi miki da kinka hwasa mai baki?"

"Inna, tambaye shi, ga shi nan."

Almu ya kaɗa hannu da ƙarfi yana nufin ba ita ba ce. Tsohuwa ta ce ga shi har tsoronta yake ji. Ta shimfiɗa tabarma a tsakaninsu ta ce ba inda za ta sai ta ga bakin ɗanta. Ta ga zakara da zare a baki, ta ce har kaza ba a bari ba a gidan nan. Zakaran dai shi ya fi kowa sauƙi, domin Delu takan kwance shi a bayan ɗaki safe da yamma ya ci ya sha, ta mayar da zaren kafin maigida ya waiwayo.

Kwana na huɗu awakin unguwa suka shiga rudun Almu. Yana gani, ya tashi zai daka musu tsawa, abin da ya fito bai fi kukan sauro ba. Awakin suka ɗago, suka dube shi, suka ci gaba. Ya bi su da gudu, rawanin ya maƙale a reshen dalbejiya, ya tsaya cak yana harbin iska har Gudiya ta zo ta ciro shi da sanda. Kwana na biyar tururuwa suka gano man shanun. Ranar mutanen da ke wucewa ta bakin danga sun ga Almu yana wata irin rawa shi kaɗai a tsakar gida, yana marin kumatunsa, suka ce abin ya taɓa kai.

Duk wannan wayar tana nan a ƙusa tana aikinta, ba ta sauka sai in za a kai ta caji. Malam Sharif ya faɗi jimla, ya faɗi fassara, ya yi shiru. Shirun nan ya riƙa damun Delu. Ita mace ce da ba ta iya jin an yi sallama ba a amsa ba. Tun tana daka tana jin abin yana wucewa, har wata safiya ta ce, "Bawan Allah na ta gaisuwa ba mai amsa mai," sai ta amsa. Ta yi ne don ta tsokani Almu. Ya harare ta, ta ƙara. Gudiya ta yi dariya har da tari ta ce ta sake. Daga nan duk shirun da ya zo Delu ce ke cika shi, tana tankaɗe, tana murza gabu, tana kwaikwayon Malam har yadda yake jan numfashi. In ta faɗa ba daidai ba sai ta jira ya zagayo ta gyara. Sautin harshe da haƙora ta duba a ruwan randa sai da ya zauna. Almu yana kallonta da tausayi, yana cewa a ransa ga wahalar marasa ɗori.

Kwana na shida Maigari ya zo da kansa, fuskarsa ba walwala. Ya ce an fara zubar da ruɓaɓɓiya a rudun mutum uku. Ya ce, "Almu, in ciwo na, ba laihinka ba na. Mu kira malamin makaranta tun da sauran kwana."

A daidai nan zakaran ya hau turmi, ya miƙe wuya, ya yi cara ta cikin zare. Wata irin cara ce siririya, ta hanci, a matse, wadda ba a taɓa ji ba a Giwa Tazo. Almu ya daka tsalle. Ya nuna zakaran, ya nuna bakinsa, ya rungume Maigari. Abin ya kama. Ko zakaran ya fara sauya harshe.

"Mi shika nuhi?" in ji Maigari.

Delu ta dubi mijinta yana tsalle da rawani a karkace, ta tuna da rudun gari. Ta so ta fasa sirrin, rantsuwa ta riƙe ta. Ta ce, "Ranka shi daɗe, ya ce a bar mai."

Ranar kasuwa aka ɗora buhu uku na gwaji a a-kori-kura. Almu ya sa babbar riga da agogo, ya ƙi yarda a kwance shi a gida, ya nuna da hannu sai a gaban baƙuwa, don Turancin ya fito da zafinsa kada ya zube a hanya. Delu ta ɗauki kwandon gabunta a ka, zakara a hammata. Gudiya ta ce ƙafarta ƙafarsu.

Kasuwar Jega ta cika ta tumbatsa. A layin 'yan albasa an kafa rumfa, Madam Ajowa na zaune a kujerar roba, doguwar mace mai tabarau da lema. Mutanen Aliero suka fara, Malam Sharif yana fassara musu tsaf, tana gyaɗa kai. Sannan aka kira Giwa Tazo. Mutane suka ga an turo wani mutum da kai a naɗe kamar gammo, da mace da zakara a bayansa, sai 'yan kallo suka ninka. Har masu awon gero suka bar mudu.

Almu ya tsaya, ya ɗaga hannu a yi shiru. Ya nuna a fara kwance zakara. Delu ta warware zaren. Zakaran ya girgiza, ya fizge, ya haye buhun mutanen Aliero, ya buɗe baki ya rangaɗa cara irin ta kakanninsa, wadda ko a Maiyama an san ta gida ce. Almu ya harare shi. Ya ce a ransa tsuntsu ne, bai san darajar abin da aka ba shi ba.

Aka warware rawani. Kara suka zubo, da tururuwa biyu-uku, da wani wari da ya sa Madam ta ja kujera baya. Almu ya gyara riga, ya turo haɓa, ya yunƙura zai yi magana. Baki ya ƙi buɗuwa. Kwana goma a ɗaure, ƙashin ya sandare. Ya sake yunƙurawa, wani ɗan "iii" ya fito.

"Wanga na na bakin teku?" in ji Ummaru.

Dariya ta fara tashi daga baya. Almu ya ji ta har cikin ransa. Ya sa yatsu biyu na kowane hannu a cikin baki, ya tattara ƙarfin da ya yi saura, ya ja ƙasa. Aka ji ƙas. Baki ya buɗe, buɗewar da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi, ya kuma ƙi rufuwa. Muƙamuƙi ya goce. Almu ya tsaya a tsakiyar kasuwar Jega baki wangale, miyau na zuba a babbar riga, ido ya raina fata, ƙuda na shawagi.

Kasuwa ta ruɗe. Wani ya faɗo daga kan buhu. Gudiya ta ɗaga sanda tana neman wanda za ta doka. Maigari ya rufe fuska da hannun riga, yana ganin albasar gari ta tafi. Madam Ajowa kuwa, da yake mace ce mai ladabi kuma ba ta san ko haka ake tarbar baƙo a nan ba, sai ta miƙe ta ce, "Gud monin." Ta yi shiru tana jira.

Shirun ya yi daidai da na wayar, ba ƙari ba ragi. Bakin Delu bai nemi izininta ba.

"Gud monin, Madam. Yu a welkom."

Dariya ta ɗauke. Malam Sharif ya cire tabarau, domin muryarsa ya ji ta fito daga bakin mace, har da jan numfashin. Delu kanta ta tsorata, amma tun da jimla ta biyu tana bin ta farko kullum, sai ta biyo. Ta gaya wa Madam sunan garinsu. Ta ce albasarsu ta bushe da kyau. Ta ce a yanka a gani, ta zaro wuƙar gabu ta raba ɗaya biyu, ta miƙa. Madam ta shinshina, ta matsa da yatsa, ta yi wata doguwar tambaya da sauri. Delu ba ta kama ko ɗaya ba. Sai ta jawo jimla ta goma, wadda ta fi so duk cikinsu, mai cewa don Allah a yi magana a hankali, koyo take yi.

"Filis, sifik silo. Ai am lanin."

Madam ta yi dariya, ta kama hannunta, ta sake tambayar kalma-kalma tana nuni da yatsa: akwai hanyar da babbar mota za ta shiga garinsu? Delu ta ce akwai, da Turanci da ka da hannu gaba ɗaya. Inda ta kakare, Malam Sharif ya manta da waɗanda suka kawo shi ya cika mata, mutanen Aliero suna jan rigarsa. Kafin azahar Madam ta ce motarta ta farko Giwa Tazo za ta, kuma wannan matar take so ta riƙa kira a waya. Ta ɗauki gabu ta shinshina, ta ce a sa mata shi ma.

Sai a lokacin aka tuna da Almu, wanda ke zaune a kan buhu Gudiya na kore masa ƙuda. Allah ya sa Atiku mai ɗori ya shigo kasuwa sayen rago. Aka jawo shi. Ya dubi bakin, ya nannaɗe hannun riga.

"Yanzu ka kawo aiki."

Ya sa manyan yatsunsa a kan turamen haƙora, ya danna ƙasa, ya tura baya. Ƙas. Baki ya rufe. Almu ya ja numfashi zai yi bayani, Atiku ya riga shi da ƙyalle, ya naɗe tam, ya ce mako uku, ba magana, ba tauna. Maigari, wanda yanzu dariya ta dawo masa, ya tambayi Delu yadda aka yi. Ta ce tun da an kwance ɗori, rantsuwa ma ta kwance, ta ba da labari tun daga man shanu har zakara. Atiku ya saurara, bai yi ko murmushi ba.

Almu ya yi ta nuni da hannu, yana nuna kansa, yana nuna Delu, yana bugun ƙirji. Wannan karon ta fassara shi da gaskiya. Ta ce, "Wai dabaratai ta ci, tun da ga Turanci ya shigo gida."

Atiku ya gyaɗa kai. "Gaskiya yah hwaɗi. Ɗori ya ci. Gidanmu haka aka yi, a ɗaure guda, guda shi tashi. Ita ta majinyaciya, ga ta ta taka." Ya ƙara jan ƙullin ƙyallen a tsakar kan Almu. "Kai na kazat."

Motar Kumasi ta shigo Giwa Tazo bayan kwana takwas, ta kwashe rudu goma sha ɗaya. Almu yana zaune a inuwar dalbejiya da kofin kunu da tsinken kara, masu lodi suna wucewa suna gaishe shi da sabon sunansa, Kazar Delu. Wayarsa ta yi ƙara a ƙusa, ya miƙa hannu. Delu ta riga shi, ta goge hannu a zane, ta ce masa Madam ce, ya ɗan yi shiru.